Muryar Baba a Lasifikar Yahaya

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, magana ta tsaya masa. Yana ji, yana ganewa, yana ma hararar mutum idan ya yi shirme, amma kalma ba ta fita. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gwamnati, wanda in ya ɗaga murya a ƙofar gidanmu na Unguwar Dosa sai yaran layi su nutsu, shi ne yanzu yake nuna kofin ruwa da hannun hagu. Mun saba da haka, ko in ce mun koyi yin kamar mun saba. Sai da aka sa ranar auren autarmu Juwairiyya sannan abin ya dawo mana sabo.

A gidanmu ba a fita da amarya sai an kai ta gaban mahaifinta ta durƙusa, ya yi mata faɗa, ya sa mata albarka. Ni an yi mini. Na sha faɗa ranar har sai da masu ɗaukar amarya suka fara danna hon a waje. Juwairiyya kuwa, wadda kowa ya san ita ce 'yar gaban goshinsa, za ta durƙusa ne ya dube ta kawai. Wata rana muna tsintar shinkafa ta ce mini, "Yaya Hassana, ni ko zagi ne ma in ji daga bakinsa." Ta yi dariya bayan ta faɗa. Ni ban yi ba, abin ya tsaya mini a rai, na kwana da shi na tashi da shi.

A nan na tuna da wani abu da ke cikin wayata. Lokacin da Juwairiyya take ƙarama, Baba yana da wata 'yar waƙa da ya ƙirƙira don tashinta zuwa makaranta, domin yarinyar akwai nauyin barci. Ranar da za ta tafi hidimar ƙasa, muna cikin mota za mu kai ta tashar Kawo, sai kawai ya ɗauko waƙar don ya tsokane ta. Ni kuma ina kujerar baya na danna ɗauka a ɓoye, da niyyar in riƙa kunna mata in ta yi mini rashin kunya. Ga abin da yake cewa:

Juwai, Juwai, gari ya waye,
Kokonki ya huce, motar Baba ta yi zafi,
Duk inda kika je ki dawo ki ba ni labari,
Juwai...

A nan yake tsayawa, ita kuma ta ƙarasa da cewa "ta Baba". Amma ranar a mota ta ƙi, wai ta girma. Ya jira, ya jira, da ya ga ba ta da niyya sai ya ƙarasa da kansa, ya fashe da dariya. Duk gidanmu babu wata muryarsa da aka taɓa ɗauka sai wannan, kuma ita ɗin ma rabinta ƙarar inji ce da hon ɗin masu keke.

Wanda na san zai iya yin wani abu da ita shi ne Kabir, ɗan Kawu Malam Ɗahiru, yayan Mama. Taubashina ne, don haka ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini. Kabir yana haɗa kiɗa da kwamfuta, kuma a gidan da ya fi kowane gida rashin dacewa da wannan sana'a. Kawu Malam yana da makaranta a Badarawa, daga asuba har yamma zauren gidan cike yake da masu karatu, kuma mutum ne da ko wayar baƙo ta yi kiɗa sai ya fara neman takalminsa. Bai hana ɗansa aikin ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa: "Kada kunnena ya ji." Kabir ya riƙe wannan sharaɗi fiye da yadda ya riƙe haddarsa. Ba ya aiki sai da hedifon, babban nan mai rufe kunnuwa biyu. Wata rana da sauti ya kuɓuce masa ana tsakiyar karatu, sai ya kwance bayan kwamfutar ya cire 'yan lasifikunta na ciki gaba ɗaya, ya huta.

Na same shi a ɗakinsa da rana, muryoyin ɗalibai suna shigowa ta taga. Ya jona wayata da kwamfutarsa ya kwafe muryar, ya saurara ido rufe, sannan ya cire hedifon ɗin ya dube ni.

"Yaya Hassana, wannan ai a cikin injin niƙa kika ɗauka."

"Za ka iya ko in kai wa waɗanda suka iya?"

"Su wa suka iya? Zauna ki ga aiki."

Na zauna na ga aiki, kuma ba ranar kaɗai ba. Duk ranar da na tashi daga ofis da wuri sai in biya ta Badarawa. A fuskar kwamfutar muryar Baba ta zama wani dogon zane mai ƙayoyi, a kwance bisa layi guda, ƙarƙashinta kuma layuka babu kowa suna jiran kiɗa. Da farko Kabir ya nemi gurbin da Baba ya yi shiru, inda ƙarar mota ce kaɗai, ya nuna wa manhajar cewa wannan ne dattin, ita kuma ta bi ta share irinsa daga farko har ƙarshe. Ya ce ba a matsa mata da yawa, in ka ce sai ta share tas, mutum zai koma kamar yana magana a cikin bokiti. Gara a bar ɗan ƙurar mota a baya a tsira da muryar. Sannan ya yanke gurnanin ƙasa-ƙasa da ba na Baba ba ne, ya ɗan ɗaga wurin da haruffa suke fita, sai ga muryar ta matso kusa.

Rigimarmu ta farko a kan gyaran murya ce. Kafin Baba ya fara waƙar sai da ya yi gyaran muryar nan tasa, irin wanda yake yi in ya shigo gida. Kabir ya kai hannu zai yanke, wai ba a fara waƙa da tari.

"Taɓa shi ka gani," na ce.

Rigima ta biyu ta fi girma. Baba ba mawaƙi ba ne, yana sauri a nan ya ja a can, kiɗan kwamfuta kuwa ba ya jiran kowa. Kabir ya ce hanya biyu ce: ko a ja muryar a matse ta har ta hau kan kiɗan, ko a sa kiɗan ya bi ta. Ta farko ta fi sauƙi, manhajar ma za ta yi da kanta. Ya yi mini gwaji na saurara. Komai ya zauna daidai, amma mutumin da ke waƙar ba ubana ba ne, wani ne mai ladabi da bin layi.

"Mayar mini da Babana yadda ka same shi," na ce. "Mutumin da bai taɓa bin bayan kowa ba, yau ka ce ya bi ganga?"

Ya yi tsaki, ya ce na iya ba da aiki kamar darakta. Amma ya yi. Ya kashe ma'aunin da ke ƙirga masa bugu, ya jawo ɗan madannin kiɗansa, ya riƙa bin muryar da hannu. Ya shimfiɗa wani sauti mai laushi a ƙasa, ya sa kalangu kaɗan, ya sa wata ganga mai kauri da ke zuwa jefi-jefi, kowane bugu sai ya ja shi da hannu ya ajiye a inda Baba ya sauke kalma. Da muka zo wurin da Baba ya tsaya yana jiran Juwai ta ƙarasa, Kabir ya ce shirun ya yi tsawo, ko a rage ko a cike shi da kiɗa. Na ce a'a. Ya daɗe yana kallon gurbin, sannan ya ɗauke kiɗan gaba ɗaya daga wurin, ya bar shi fili. Ya ce, "In za a bar shiru, a bar shi da gaske." Wannan karon ban sami abin tsokanarsa ba.

Ana cikin haka aka zare mini wayar a cikin keke napep wajen Kawo. Na yi takaicin hotuna da lambobi, amma ban damu da muryar ba, tunda tana wurin Kabir.

Da ya gama ya aiko a kira ni, ya ɗora mini hedifon ɗin da kansa. Ya ce a ƙarshe ya yi wata dabara da ya gani ana yi, don muryar ta buɗe. Gaskiya ta buɗe. Ba daga dama take zuwa ba, ba daga hagu ba, kewaye ni ta yi kamar Baba yana tsaye a bayana. Na yi kuka a gaban taubashina, abin da na san zan daɗe ina biyan bashinsa da baki. Ya zuba mini waƙar a filash, na saka a jaka na ja zif.

Ana gobe wunin biki, bayan la'asar, Yahaya mai lasifika ya kawo kayansa tsakar gidanmu. Na zaɓi lokacin da gangan. Juwairiyya tana gidan ƙawarta ana yi mata lalle, ɗan'uwana Husaini kuma ya kai Baba asibiti wurin gashin ƙashi. Mama ce kaɗai a kicin da mata masu aikin abinci, ita ma ban gaya mata komai ba. Yahaya ya kafa babbar lasifikarsa gindin bishiyar mangwaro, ya karɓi filash ɗin ya jona, ya ɗaga mini babban yatsa.

Sautin nan mai laushi ya taso. Kalangu ya shigo. Na kasa kunne ina jiran gyaran murya.

Babu. Kiɗa yana ta tafiya, yana sauri inda Baba yake sauri, yana ja inda yake ja, amma babu Baba a ciki. Har aka zo gurbin shirun, aka wuce, aka gama.

"Hajiya, kiɗa ne zalla?" Yahaya ya tambaya. "Da daɗi kuwa."

"Akwai murya. Sake sawa."

Ya sake. Ya murɗa wannan, ya murɗa wancan, ya sa wata waƙar daga wayarsa don ya nuna mini kayansa lafiya suke, mawaƙin ya fito raɗau. Ya mayar da tawa, babu kowa. Na ari wayar wata mai aikin abinci na kira Kabir, da ma na haddace lambarsa. Ban san me na ce masa ba, amma kafin in gama zagaye tsakar gidan da ƙafa sai ga shi a kan mashin, da kwamfuta a jakar baya, ko hula babu.

"Filash ɗin ne ya lalace," ya ce tun daga ƙofa. "Kwantar da hankalinki, ainihin aikin yana nan."

Ya buɗe kwamfutar a kan benci. Yahaya ya miƙo masa kebul ɗinsa, mai baki ɗaya ta wajen kwamfuta, da kawuna biyu ta ɗaya wajen, ja da fari, waɗanda ya cusa cikin wani ɗan mahaɗi da ke mayar da su ɗaya kafin su shiga na'urarsa. Kabir ya danna. Kiɗa ya fito, murya ba ta fito ba. Ya kashe duk layukan kiɗan ya bar na Baba kaɗai. Muna kallon zanen muryar yana wucewa, ɗan ma'aunin gefe yana hawa yana sauka kamar mai magana, lasifika kuwa shiru sai huci.

"Ina hedifon ɗinka?" na ce.

Ya laluba jakar. A garin sauri ya baro shi a kan katifa. Kwamfutar kuma ba ta da bakin kanta, shi ya cire mata da hannunsa.

"To ɗauko ta asali, wadda ka kwafa daga wayata. A sa ta haka nan da ƙarar motarta, na yarda."

Kabir bai ɗago ba. Na ga gumi yana bin bayan kunnensa.

"Yaya Hassana, wuri ne ya cika mini. Da na gama gyaran sai na haɗe muryar da duk abin da na yi mata ta zama fayil ɗaya, na goge tsofaffin. Na ɗauka tana wayarki."

"Wayar da na gaya maka an sace?"

"Kafin nan na goge."

Na zauna a bakin baranda. Ba fushi na fara ji ba, tsoro ne, irin wanda na ji a asibiti ranar da likita ya ce mu yi haƙuri da maganar Baba. Muryar da ta ƙi fita daga bakinsa, yau ga ta ta ƙi fita daga lasifika, ina kallon zanenta da idona kamar yadda nake kallon leɓensa yana motsi. Na yi tunanin Juwairiyya gobe a durƙushe. Na gode wa Allah da ban yi mata alkawari ba, sannan na ji haushin kaina da har na fara neman abin godiya a cikin asara.

Kabir yana ta danne-danne, yana kunnawa yana kashewa. Yahaya ya koma gefe yana duban mangwaro, irin kallon wanda ba ya son a sa shi cikin rigimar dangi. Daga nan fushin ya iso. Na miƙe da niyyar in gaya wa ɗan Kawu abin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, na taka da ƙarfi, sai gefen zanena ya kwashi kebul ɗin. Na yi tuntuɓe, farin kan ya fizge daga mahaɗin ya faɗi ƙasa.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

Da ƙarfi ya fito, ya cika tsakar gidan, ya daki bango ya dawo. Juwai, Juwai, gari ya waye. Na tsaya da ƙafa ɗaya a cikin kebul, ban iya motsi ba. Ta ƙofar kicin sai ga Mama ta fito da sauri, tana goge hannu a zane tana gyara ɗankwali, kamar yadda take yi a da in ta ji shigowarsa. Ta duba ƙofar gida, ta duba kujerarsa da ke baranda babu kowa, sannan idonta ya sauka kan lasifikar. Ta dafa bango ta saurara har ya yi dariyar nan ta ƙarshe.

"Ku sake sa mini," ta ce a hankali.

Kabir bai ji ta ba. Ya durƙusa ya ɗauki farin kan yana jujjuya shi. Ya mayar da shi cikin mahaɗin, muryar ta ɓace. Ya zare, ta dawo. Ya mayar, ta ɓace. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai da hannu biyu, yana dariya hawaye na zuba.

"Dabarar nan ce," ya ce. "Wallahi dabarata ce. Muryar tana nan, Yaya Hassana, ba abin da ya same ta."

"Yi mini bayani da Hausa kafin in shaƙe ka."

Ya share fuska ya yi bayani. Kowace waƙa hannu biyu take da shi, na kunnen dama da na hagu. Don muryar ta buɗe, sai ya juya na daman ya zama kishiyar na hagun, in wannan ya tura wancan ya ja. A hedifon kowane kunne nasa yake ji shi kaɗai, shi ya sa na ji kamar ta kewaye ni. Amma mahaɗin Yahaya yana zuba hannuwan biyu a lasifika ɗaya. Ya ce kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, ƙofar ba za ta motsa ba. Kiɗan ya tsira ne don bai juya shi ba.

"Kuma ba ka taɓa gwadawa a lasifika ba?"

"A gidan wa?" ya ce.

 Na tuna zauren Kawu da masu karatu, da kwamfutar da aka cire wa baki. Yaron nan ya yi shekaru yana haɗa kiɗa, bai taɓa sakin aikinsa da gangan ya ratsa iska a ɗakinsa ba. Dariya ta kama ni, ta haɗu da kukan da ya rage, na zauna kusa da shi a ƙasa.  Na ce masa in ya sake yi mini dabara a kan ubana, sai na kai ƙararsa zaure gaban ɗalibai.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ya raba muryar gida biyu, ya jefar da hannun da ya juya, ya ajiye ɗayan a tsakiya. Ya ce wa Yahaya ya mayar da farin kan, ya danna, Baba ya fito da kiɗansa. Amma Kabir bai tsaya nan ba, don kunnensa ya fara jin abubuwan da hedifon ya ɓoye masa. Gangar nan mai kauri, da take da daɗi a kunne, a tsakar gida sai ta riƙa girgiza kwanon rufi tana danne kalmomi. Ya rage ta. Ya sa kiɗan ya riƙa sunkuyawa da kansa duk sa'ad da Baba ya buɗe baki, ya ɗago in ya rufe. Ya aike ni bakin ƙofa in saurara, ya aiki Mama kicin, ya tambaye mu ko muna jin kowace kalma. Mama ta ce "labari" yana nutsewa, ya ɗaga shi kaɗan. Sannan ya sa Yahaya ya rage sauti ƙasa sosai, ya ce in murya ta fito a haka, za ta fito a cikin hayaniyar mata. A ƙarshe ya tura wa wayar Yahaya, muka saurara a ɗan bakinta ita ma.

Kafin ya rufe kwamfutar na tsaya a kansa sai da ya zuba muryar ita kaɗai, ba kiɗa, a filash ɗina, da wayar Mama, da tasa wayar, ya kuma aika wa Husaini. Ya ce ai ya isa. Na ce bai isa ba, a sa wa Yahaya ma. Muna naɗe kebul muka ji motar Husaini a waje, Mama ta yi saurin komawa kicin don kada Baba ya ga idonta.

Washegari gida ya cika. Mata tun hantsi, yara a ko'ina, takalma a ƙofar kowane ɗaki. Da yamma ta yi, motocin dangin ango suka jeru a layi, aka fito da Baba baranda cikin farar babbar riga, Husaini ya gyara masa hula. Kawu Malam ya zauna a gefensa, shi aka ce ya yi faɗan a madadinsa. Aka kawo Juwairiyya a lulluɓe ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwar Baba. Kawu ya yi nasiha mai kyau, gajeriya, ya yi addu'a aka shafa. Baba ya ɗora hannun hagunsa a kanta. Leɓensa ya motsa, babu abin da ya fita, na ga ya kawar da kai gefe. Gwaggonni suka matso za su ɗaga ta.

Na ɗaga wa Kabir hannu. Yana tsaye gindin mangwaro, rabin jikinsa a ɓoye bayan lasifikar, idonsa a kan mahaifinsa. Ya danna.

Da gyaran muryar ya fito, tsakar gidan ta yi tsit, har masu wanke kwanuka suka tsaya. Juwairiyya ta ɗago a firgice ta dubi bakin Baba, sannan ta gane, ta saki wani kuka da ya sa na kasa kallonta. Na dubi Kawu Malam. Kalangu ya shigo, na ga idonsa ya sauka kan takalminsa da ke bakin tabarma. Ya dube su, ya dubi mijin ƙanwarsa, ya gyara zama.

Baba kuwa ya miƙe wuya yana sauraron kansa. Yatsun hannunsa na hagu suka fara bugun kafaɗar Juwairiyya a hankali, suna sauri inda waƙar take sauri, suna ja inda take ja. Duk inda kika je ki dawo ki ba ni labari. Juwai.

Kiɗa ya ɗauke. Gurbin nan ya buɗe, fili, kamar yadda Kabir ya bar shi. Duk wanda ya san waƙar a gidan ya dubi amarya. Ta buɗe baki, kuka ya hana ta, ta girgiza kai.

"Ta... Baba."

Ba daga lasifika ya fito ba. Murya ce dusasshiya, a karkace, da ƙyar ta kai inda nake tsaye. Amma na ji, Mama ta ji, Juwairiyya da ke ƙarƙashin bakin Baba ta ji. Sai can lasifikar ta biyo baya da tata "ta Baba", da dariyar cikin mota, shi kuma yana zaune yana haki kamar wanda ya hau tudu, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga sama.

Masu motoci suka fara danna hon a waje. Ɗaya daga cikin gwaggonnin ta sake matsowa, Kawu Malam ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Su jira," ya ce. "Kabiru, sake sawa."